Ɗan Maƙwabciyar da Muka Kai Landan

Wallahi alƙaluman nan su kaɗai suke rubutu! Ba hannun kowa a kansu. An jera su kamar haƙoran mataji, takarda tana bi ta ƙarƙashinsu tana naɗewa a cikin kwando, su kuwa sai karkarwa suke suna jan layi. Wayoyin da suke ba su umarni kuma a kan ɗan yayana aka manna su, ɗaya bayan ɗaya, da wani abu mai kama da kunun da ya kwana. Ni da nake gyaran rediyo a Kagarawal, ni da ba wanda ya koya mini, rediyon mutane kawai na yi ta ɓatawa har na iya, yau ga ni gaban na'urar da take kamo tashar da ke cikin kan mutum! Na manta a asibiti nake. Na durƙusa ina leƙen bayanta in ga inda wayoyin suka shiga, sai da baturiyar da ke aikin ta kamo ni ta wuyan riga ta mai da ni kan kujera.

Af, na yi gaba da yawa. Bari in gaya muku su wa da wa muka je, da abin da ya kai mu.

Ni sunana Yero. Yayana Hamma Buba fataucin shanu yake yi, yana loda su a jirgin ƙasa nan Gombe a sauke a kudu. Da kuɗin mai ya shigo ƙasa kowa ya koma cin nama, Allah ya buɗa masa. Matarsa Adda Hajjo. Ɗansu na fari Manu, shekararsa takwas a lokacin, shi ne farfaɗiya ta kama. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an karɓo 'yar farar ƙwayar nan ta asibiti, abin ya lafa ya dawo. Da labari ya kai makaranta, iyayen yara suka ce ba za a zaunar da 'ya'yansu benci ɗaya da shi ba, wai yawunsa yana harbi. Aka ce ya zauna a gida. Dattawanmu kuma suka ce a kai shi ruga wajen Kawu ya bi shanu, a daina wahala. Yaro mai faɗuwa fa, ga kogi, ga wutar dare. Shi kuwa Manu kullum da safe sai ya sa rigar makaranta ya zauna a zaure yana kallon yara suna wucewa.

Hamma ya ce a yi ta ƙarshe. A je Landan a tambayi likitocin can magana ɗaya tak: magani zai kama yaron nan ko ba zai kama shi ba? In zai kama, ya koma makaranta ko da faɗa. In ba zai kama ba, ruga. Ni aka ɗauka don ɗan Turancin da na tsinta a rediyo da takardun gyara. Sannan kun san halinmu, mu Fulani, da ɗan fari. Uba ba ya nuna ya damu da shi, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa a gaban mutane. Dole a tafi da wanda zai iya buɗe baki ya ce Manu.

Wanda ya tarbe mu a filin jirgi wani ne da aka haɗa mu da shi tun daga gida, Malam Garba, ejan mai yi wa baƙi hidima. Kwat har gwiwa, hula ta gashi, yana taunar cingam.

"Alhaji, ka kwantar da hankalinka," ya ce wa Hamma. "Garin nan a tafin hannuna yake. Gida na kama muku, gida guda. Ku kawo fasfo ɗinku in kai a ƙara muku kwanaki, mara lafiya ba a yi masa gaggawa."

Muka miƙa masa duka, har da tikitin komawa.

Gida gudan nan ashe ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa. Sai ka sauka matakala kamar mai shiga rijiya. Ɗaki ɗaya da wata 'yar ƙurya da aka yanka da katako. Adda da Manu suka shiga ƙuryar, ni da Hamma muka shimfiɗa a waje. Bango yana gumi, bargo yana warin taba. Taga ɗaya ce, can sama dab da rufi, kuma daidai take da hanyar da mutane ke bi, saboda haka ba ka ganin fuskar kowa, sai takalma. Hamma ya dubi ɗakin ya dubi Malam Garba.

"Malam, ko shanuna ba na kwanar da su a nan."

"Na wucin gadi ne, Alhaji. Jibi-jibin nan zan sauya muku."

Jibin ba ta zo ba har muka bar ƙasar.

Ranar farko a asibiti ita ce ranar alƙaluman nan. Manu ya ƙi zama wuri ɗaya, yana ta taɓa wayoyi, yana kuka. Bayan an gama aka kai mu wajen likitan, wani dattijo mai furfura a gira, hannunsa da sanyi. Ya buɗe takardar yana juyawa, ya ce bai ga abin da zai riƙe ba, motsin yaron ya ɓata yawancinta. Sai ya ajiye ta ya dube mu.

"Wa ye uban?" Hamma ya dubi silin. "Wace ce uwar?" Adda ta dubi takalminta. Na nuna su da yatsa.

Sai ya faɗi abin da har yau yake kaina, kuma shi ne dalilin da na zauna nake ba ku wannan labari. Ya ce farfaɗiya ba ɗaya ba ce, iri-iri ce. Akwai wadda magani ɗaya yake kwantar da ita. Akwai wadda take barin yaro da kanta in ya girma. Akwai kuma mai taurin kai, wadda za a yi ta sauya magani tana dawowa. Ya ce abin da yake nuna masa wace ce wace, ba faɗuwar ba ce, don a ƙarshe duk kama suke. Farkon abin yake so. Daga ina yake tashi? Wane lokaci? Yaron yana ji ko ba ya ji? Kai! Na kusa tashi tsaye. Ai haka rediyo take! Biyu za su zo mini duk sun yi shiru, ɗaya batir ne kawai, ɗaya ta ƙone ciki. In mai ita ya gaya mini irin ƙarar da ta yi kafin ta mutu, na san inda zan taɓa.

Ya tambayi Hamma. Hamma ya ce, "Faɗuwa yake yi, jiki yana karkarwa, kumfa a baki." Ya tambaye ni. Ni ma iyakar abin da na sani ke nan, don kullum sai abin ya yi nisa ake kiranmu. Ya tambayi Manu, Manu ya ɓuya a bayana. Sai ya juya wajen Adda.

"Adda, wai yaya abin yake farawa?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Ni ina zan sani? Barci nake yi."

"Adda, likita ne fa."

"Na ce ban sani ba, Yero. Ku da kuke da shi ku faɗa."

Na juya maganar zuwa Turanci. Likitan ya tambaye ni a hankali ko ba ita ta haife shi ba. Na ce ita ce, kunya ce. Ban san yadda ake faɗin irin wannan kunyar da Turanci ba, kalmar da na samo ta yara ce masu ɓuya a bayan zane. Ya gyaɗa kai irin na wanda bai gane ba. Ya ce to, sai dai ya yi lalube. Za a ƙara yawan ƙwayar da yake sha, mu dawo a gani. Kuma ya ja mini kunne da kyau: kada a kuskura a tsai da maganin rana ɗaya, yin haka yana iya tayar da abin da ya fi na da muni.

Daga nan zama ya fara. Ban taɓa sanin zama yana ciwo ba sai a ɗakin nan. Rana ba ta fitowa sai ta ga dama, in ta fito kuma ba ta sauko mana. La'asar ba ta gama ba magariba ta shigo. Hamma, mutumin da yake kwana yana bin shanu a tsaye, ya koma taku uku gaba taku uku baya tsakanin ƙofa da bango. Adda ba ta fita ko nan da can. Ta zauna ƙarƙashin taga har ta haddace mutanen unguwar ta takalmansu. "Mai jan takalmi ta makara yau." "Tsohon nan mai sanda bai wuce ba, ko lafiya?" Sallah ta zo ta same mu da burodi da shayi. Na rufe ido ina jin ƙanshin kindirmon Inna, ina jin hayaniyar kasuwar Gombe ranar jajibere, na buɗe na ga bango mai gumi.

Manu kuwa maganin ya danne shi. Yaron da bakinsa ba ya hutawa ya koma barci, in ya tashi sai fushi, yana tafiya yana dafa bango. Duk da haka wata safiya muka ji muryar Adda daga ƙurya: "Ku zo, yaronku." Muka tarar abin ya riga ya game jiki. Aka koma asibiti, aka ƙara magani na biyu. Aka kwantar da shi 'yan kwanaki don nas-nas su gani da idonsu, abin ya ƙi zuwa, kamar ya san ana jiransa. Muna dawowa gida da ɗan lokaci ya sake tashi.

Hamma ya ce ya gaji. "Tun da ba su sani ba, mu tafi. A gida ma rashin sani muka baro, ba sai mun saye shi da tsada ba. Je ka karɓo mana fasfo."

Na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, na ɓata, na fito inda ban nufa ba, da ƙyar na gano shagon da Malam Garba yake zama. Ya ce fasfo suna ofis. Na koma, ya ce mai sa hannu ya yi tafiya. Na sake komawa aka ce shi ma ya yi tafiya. To ka ji: gaba ba amsa, baya ba hanya, maganin kuma ba a tsai da shi. Hamma ya zauna bakin katifa ya ce, ba ni yake kallo ba, "Ranar da takardun nan suka fito, ranar za mu tafi. Ka rubuta wa Kawu ya shirya masa wuri." Manu yana kwance a ƙurya. Ban sani ba ko ya ji.

Ana cikin haka Allah ya haɗa mu da Sista Na'omi. Gidan yana da kicin ɗaya a sama, na kowa da kowa. Na hau ɗora ruwan zafi, murhun ya ƙi kamawa, na zage shi da Fulatanci. Sai na ji dariya a bayana.

"Kai ɗan Fulani, murhun bature ba ya jin zagi. Murɗa wancan."

Na juya. Mace ce gajera cikin rigar sanyi, da farin takalmin asibiti.

"Daga ina?" ta ce.

"Gombe."

"Ƙarya kake! Wace unguwa?"

"Kagarawal."

Ta dafe ƙirji. "Ni Herwagana! Babana kafinta ne a bayan coci. Wayyo Allah, yau na ga ɗan gida!"

'Yar ƙabilar Tangale ce, tana koyon aikin nas a wani asibiti daban, ɗakinta yana can saman bene. A ranar ta sauko da garin shinkafa da busasshiyar kuɓewa da daddawar da take ɓoyo kamar zinariya. Ita ta fara fitar da Adda daga ramin nan, ta ja ta kicin da hannu. Da yamma muka ci tuwo. Hamma ya ci, sai da ya side yatsa ya ce, "Allah ya yi wa kafintan nan albarka."

To, ga inda abin yake. Wata rana da la'asar Sista ta ba ni rediyonta, wai tana shuu. Na zauna a matakala bakin kicin na buɗe ta, su kuma suna ciki, ƙofa a ɗan buɗe. Ina jin muciya tana bugun tukunya. Sai na ji Adda ta rage murya.

"Sista, ke da kike aikin asibiti. Akwai wata maƙwabciyarmu a Kagarawal, ɗanta ma yana da irin wannan lalurar."

Na tsai da sukudireba. Wace maƙwabciya? Dama da mu Malam Audu maƙeri ne, 'ya'yansa duk mata. Hagu da mu kango ne, sai awaki.

"Allah sarki," in ji Sista. "Shi yaya nasa yake yi?"

"Ta ce ba ya zuwa masa da rana. Bai taɓa ba. Sai gab da zai farka, ko in barci ya fara ɗaukarsa. Ta ce da farko za ta ji maƙogwaronsa yana ƙara, kamar mai kurkure baki. Sai gefen bakinsa na dama ya fara ja, nan wajen. Yawu ya zubo. Idonsa biyu fa, yana kallonta, yana so ya yi magana harshe ya ƙi. In ta ce in kana jina ka matse hannuna, sai ya matse."

"Yana matsewa?"

"Yana matsewa. Sau da yawa a nan yake tsayawa, ya koma barci, ba wanda ya sani a gidan. Wani lokaci ne yake gangarowa hannu, ya game jiki. Sai a lokacin take kiran mazan."

Muciya ta tsaya. Sista ta ce, "Wannan maƙwabciyar taku, tana barci kuwa?"

Adda ta ƙara rage murya. "Ta ce tun da abin ya fara ba ta yi barcin asuba ba."

Jama'a, ina zaune a matakala rediyo a cinya, hawaye yana ɗiga a kan batir. Abin da muka ƙetare teku muna nema, abin da na'ura ta kasa kamawa, ashe yana ɗaki ɗaya da mu, katako ne kawai a tsakani. Kuma ba za ta iya faɗa a gaban mijinta da ƙanin mijinta ba, don faɗinsa daidai yake da ta ce, ga ni ina kwana ido biyu a kan ɗan farina.

Na miƙe zan faɗa ciki. Sista ta riga ni fitowa, ta ja ƙofa, ta tura ni ƙasan matakala.

"Ina za ka, mai rediyo?"

"Sista, Manu ne! Ba wata maƙwabciya!"

"Kai kaɗai ne mai wayo a Landan? Na girma da Fulani, na san abina. Ka shiga ka ce mata ka gane, wallahi ta rufe bakin nan har ku koma Gombe. Ɗan maƙwabciya ta ce, ɗan maƙwabciya ne. Shi za ku kai wa likita."

Da dare ya yi muna cin abinci na ce, kamar maganar ta faɗo mini ne, "Hamma, Sista ta ce wai Adda ta san wata a unguwarmu mai yaro irin wannan. Tun da muna da ranar likita, da an tambaya mata, a samu lada."

Adda ta ƙura wa kwano ido. Hamma ya dube ni. Ya san Malam Audu, ya san kangon, shi ya sayi awakin ma. Ya daɗe yana tauna.

"A tambaya mata mana," ya ce. "Tun da an zo."

Ranar asibiti na roƙi in fara shiga ni kaɗai. Na tattara duk Turancin da na mallaka na zuba wa dattijon nan. Na ce a wajenmu uwa ba ta nuna ta san ɗanta na fari, ba don ba ta so ba. Na ce za ta ba shi labarin wani yaro, ya taimake ni kada ya nuna ya gane. Ya cire tabarau ya goge, ya ce ya yi shekara da shekaru yana wannan aiki, bai taɓa duba mara lafiyar da aka baro a wata ƙasa ba, amma a shigo da su.

Adda ta zauna ta ba Hamma baya, ta fuskanci taga. Likita ya ce, "Gaya mata ina so in ji labarin ɗan maƙwabciyarta." Ta fara a hankali, murya can ƙasa. Kafin a jima na kasa bin ta da fassara, sai ina cewa, "Adda, dakata, dakata." Ta sauke mayafi ta nuna da bakinta yadda gefen yake ja. Ta yi ƙarar maƙogwaron. Likita yana rubutu hannunsa har yana sauri.

"Kullum gefen dama?" Kullum. "Ya taɓa zuwa yana wasa a tsakar gida?" Ko sau ɗaya. "Bayan ya wuce, yana gane mutane?" Yana ganewa, sai dai bakin yakan ɗan yi nauyi. "Yaron ya yi saurin tafiya da magana yana ƙarami? Yaya karatunsa kafin ciwon?"

"Karatu?" in ji Adda, murya ta tashi. "Ai duk unguwar ba yaron da ya kai shi kai. Tun bai isa shiga makaranta ba yake karanta lambar motoci. In ya ji waƙa sau ɗaya..."

Hamma ya yi tari. Ta katse maganar, ta mai da mayafi.

Sai muka ji wata 'yar murya daga gefena. Manu ne, da nauyin maganin a bakinsa. "Bappa Yero, ka ce masa kafin ya fara, harshen yaron yana yi kamar tururuwa tana bi."

Ba wanda ya dubi wani a ɗakin nan.

Likita ya ce yanzu ya san inda zai nema. A sake sa wayoyin, amma wannan karon yaron yana barci. Aka ce mu rage masa barci kafin ranar, mu kawo shi da hantsi. Aikin da ya same ni ke nan, na yi ta ba shi labarin shanun Kawu da sunayensu har muryata ta dushe. A asibiti ya kwanta, ido ya rufe, alƙaluma suna tafiya lafiya lau kamar shanu a burtali. Can sai na ga biyu-uku daga ciki sun yi tsalle, tsak! Sun koma. Sun sake, tsak! Sauran ba ruwansu. Baturiyar ta sa fensir ta yi alama, ta ɗaga mini gira. Wannan karon ita da kanta ta matsa mini in gani.

Ga abin da likita ya ce, kuma na juya shi kalma-kalma don kada in ƙara gishiri. Ya ce labarin da aka ba shi da abin da takarda ta nuna bakinsu ɗaya. Irin wannan ya san ta. Ba ta cin ƙwaƙwalwa. Yawanci magani ɗaya, kaɗan, yana isarta, kuma yawancin yaran tana barinsu da kanta in sun fara zama samari. Ya ce ba alkawari yake yi ba, shi ba ya ganin gobe, amma in aka ce ya zaɓa wa yaro ɗaya daga cikin irin farfaɗiyar da yake gani, wannan zai zaɓa. Nauyin da ke jikin yaron na magani ne, za a janye a hankali a bar guda. Yawunsa ba ya harbin kowa. Kuma ya ce, yana buga tebur da yatsa, a mai da shi makaranta.

Janye maganin ya sake cin makonni, a ramin nan dai. Amma Manu ya fara dawowa. Ranar da ya hau kan akwati ya leƙa taga ya ce, "Bappa, me ya sa mutanen garin nan ba su da kai?" na san ɗanmu ya farka. Fasfo kuma Sista ce ta karɓo. Ta sa kayan aikinta ta bi ni shagon, ta tsaya a bakin ƙofa tana yi wa Malam Garba Turanci da ƙarfi, tana ambaton 'yan sanda, har masu sayayya suka tsaya kallo. Sai ga fasfo da tikiti sun fito daga aljihun tebur, ko tambari ba a ƙara musu ba. Ita ta raka mu ofishin da ya dace da takardar likita aka gyara. Da za mu rabu ta ba Adda saƙon sabulu ta kai wa mamarta, suka rungume juna suna kuka kamar 'yan ɗaki ɗaya.

Amma ni abin da ba zan manta ba, a ranar da likita ya yi maganar ne. Mun fito muna jiran bas, ana yayyafi. Manu ya jingina da ni yana gyangyaɗi. Hamma yana gefe ɗaya, Adda a ɗaya gefen, kowa yana kallon titi. Sai Hamma ya yi gyaran murya.

"Yero."

"Na'am, Hamma."

"Wannan ɗan maƙwabtan. In mun koma, a gaya wa uwarsa ta wanke masa rigar makaranta. Ubansa zai je ya ga hedimasta da kansa." Ya ɗan tsaya. "A kuma ce mata ta riƙa yin barci."

Adda ba ta juyo ba. Ta gyara mayafi ta ce wa titi, "Za ta ji."

Yanzu Manu yana aji, benci na gaba. Abin ya ɗan taɓa shi tun dawowarmu, a baki kawai, ya wuce. Muna ba shi ƙwayarsa, muna jiran sauran daga Allah.

To ni tambayata gare ku. Ba kowa zai je Landan ba, kuma ba sai an je ba kafin a buɗe ido. In akwai yaro mai farfaɗiya a gidanku, wa ya taɓa tsayawa ya ga farkonta, kafin a fara ihu da gudu? Wa ya sani bai faɗa ba? Kun gaya wa likita, me ya ce, maganin ya kama ko bai kama ba? Ina so in ji, wallahi ina so in ji, don na lura kowane gida da irin tasa. Ku same ni a rumfar gyaran rediyo a Kagarawal, ko ku aiko wani. In kuma nauyin baki ya hana ku, ku zo ku ce labarin maƙwabta ne. Zan ba ku kujera, ba zan tambayi wane gida ba.